ISANSI KO GAZUWAL: SHAWARA GA MAI SON SAYEN BABBAR MOTA TA HANNU

 

Yau hirarmu a kan mota take, babbar mota ta ɗaukar kaya, irin wadda ta riga ta sha aiki a hannun wani kafin ta zo hannunku, wadda muke kira okaziyo. Kaɗan ne daga cikinmu ke iya sayen sabuwa dal. Mai albasa na Galmi ko Madawa, mai wake na Tasawa, mai dabbobi da ke kai su kasuwannin bakin iyaka, ƙungiyar manoma da ta yi shekara uku ko huɗu tana tara kuɗi, duk okaziyo suke nema. In mutum ya isa wurin dillali, tambayar da za a fara yi masa ita ce: mai isansi kake so ko mai gazuwal? Da yawa amsar da suka tsinta a bakin tasha suke bayarwa. To, kuɗin da za a zuba ba kaɗan ba ne. Wani gonarsa ya sayar, wani shanunsa, wani bashi ya ci a banki. Don haka ku matso kusa, mu bi maganar sannu a hankali.

Da farko mu rage wa kanmu aiki. In motar da kuke nema ta ton goma ce zuwa sama, ko tirela irin waɗanda ke ɗauko kaya daga bakin teku, ba ku da wani zaɓi. Duk masu gazuwal ne. Tun zamanin Berliet, wadda dattawan direbobi ba su manta ba, kamfanin nan na birnin Liyon da aka haɗa da Saviem a 1978 ya zama Renault, har zuwa Mercedes mai dogon hanci, da DAF, da MAN, da Howo ta ƙasar Sin, gazuwal suke sha. An taɓa yin manyan motoci masu isansi, kamar tsohuwar Bedford da ZIL ta Rasha, amma shan mansu ya kore su daga hanya. In wani ya yi maka tallar irinsu da araha, ka gode masa ka wuce.

Inda gardama take shi ne a ƙananan motocin kaya da matsakaita, daga ton ɗaya zuwa ton uku ko huɗu: Land Cruiser mai buɗaɗɗen baya, Hilux, Dyna da ƴan uwansu. A nan ne za ka ga mota biyu, kamfani ɗaya, jiki ɗaya, fenti ɗaya, wannan tana shan isansi, waccan tana shan gazuwal, kuma kuɗinsu ba ɗaya ba. Ku ɗauki Land Cruiser misali. Akwai mai injin gazuwal da makanikai ke kira 1HZ, mai silinda shida, lita 4,2. Akwai kuma mai isansi, lita 4,5 a tsofaffi, lita 4 a na baya. Wacce za ka ɗauka?

Kafin mu amsa, sai mun san abin da ke faruwa a cikin cikin injin.

Injin isansi, wani Bajamushe mai suna Otto ne ya daidaita shi a 1876. Yana haɗa mai da iska, piston ya matse su, sa'an nan buji ya ba da tartsatsin wuta, abin ya kama, ya tura piston ƙasa. Ba a matse shi da yawa, kamar sau takwas zuwa sha biyu, don in aka wuce haka man zai kama da kansa tun lokaci bai yi ba, injin ya riƙa ƙwanƙwasa.

Injin gazuwal kuwa, Rudolf Diesel ne ya ƙago shi, shi ma Bajamushe, kuma injinsa ya yi aiki sosai a 1897. Shi wannan ba ya bukatar tartsatsi. Iska zalla yake zuƙa, piston ya matse ta sau goma sha biyar, har sau ashirin da wani abu. Kun san in kuna busa tayar keke da pompi, bakin pompin yakan yi zafi a hannu. To, haka abin yake, sai dai a nan zafin yana wuce digiri 500. A cikin wannan iska mai zafi ake feso gazuwal kamar hazo, ya kama nan take. Pompi ne ke tura man da ƙarfi, injekto kuma ke feso shi. Ku riƙe sunan abubuwan nan biyu, pompi da injekto, don za mu komo gare su. Su ne zuciyar injin, su ne kuma ke cin kuɗin mai mota.

Daga wannan bambanci sauran duka suka fito. Da yake injin gazuwal yana shan matsi mai yawa, dole a zuba masa ƙarfe mai kauri, shi ya sa ya fi nauyi, ya fi tsada, ya fi kuma daɗewa in an kula da shi. Da yake yana matse iska sosai, yana tatsar ƙarfi mai yawa daga kowace lita. Ga shi kuma litar gazuwal ita kanta ta fi litar isansi ƙarfi da kamar kashi goma zuwa sha biyar cikin ɗari. In an haɗa biyun, mota mai gazuwal takan rage shan mai da kamar kashi ɗaya cikin huɗu, wani lokaci har kusan ɗaya cikin uku, in an gwada ta da ƴar uwarta mai isansi a kan hanya ɗaya da kaya ɗaya.

Akwai kuma maganar ja. Mai isansi kamar doki take: in ka sake mata linzami tana da gudu, tana da zafin nama, amma sai injin ya yi kuka sama kafin ƙarfinta ya fito. Mai gazuwal kamar takarkari take, ko raƙumi. Tun injin yana juyawa a hankali ƙarfinsa yana nan. Wanda ya taɓa fitar da mota cike da buhunan gero daga cikin rairayi a hanyar Dakwaro ko ta Tanut ya san abin da nake nufi. Mai isansi sai an taka ta, taya ta yi ta haƙa rami, ambireyaji ya yi ta ƙauri. Mai gazuwal sai ta lallaɓa ta fita.

To, jin haka sai wani ya ce: ai magana ta ƙare, mai gazuwal za a saya. Kada ka yi gaggawa, ɗan uwa. Ɗauko alkalami, ko ka share ƙasa ka yi zane da yatsa, mu yi lissafi.

A ƙasashe da yawa gazuwal ya fi isansi araha. A nan ƙasarmu an ga akasin haka. A watan Agusta na 2022 an ɗaga litar gazuwal daga tamma 538 zuwa 668. A watan Yuli na 2024 gomnati ta rage kuɗin mai, isansi ya koma tamma 499, gazuwal 618. Kuɗin mai ba ya zama wuri ɗaya, don haka ran da za ka yi naka lissafin, ka je gidan mai ka dubi allo. Amma mu yi misali da waɗannan. Don sauƙi mu ce isansi 500, wato dala ɗari, gazuwal 620, wato dala ɗari da ashirin da huɗu.

Mu ce mai isansi tana shan lita 20 a kilometir 100. Lita 20 sau 500, jikka goma ke nan, tamma 10.000. Mu ce mai gazuwal tana shan lita 15. Lita 15 sau 620, tamma 9.300. Nawa ka tsira da shi? Tamma 700 kacal a kowane kilometir 100. Ka ga an rage lita biyar, amma tsadar gazuwal ta cinye yawancin ribar.

Yanzu mu ce dillali ya ɗora wa mai gazuwal miliyon ɗaya da rabi a kan kuɗin mai isansi. Misali ne nake bayarwa, kai ne za ka sa kuɗin da aka faɗa maka. In motarka ta cikin gari ce, daga kasuwa zuwa sito, daga sito zuwa ƙauyen da ke kusa, kana yin kilometir 10.000 a shekara, abin da ka tsira da shi a shekara jikka saba'in ne. Sai ka yi shekara ashirin da ɗaya kafin miliyon ɗaya da rabin nan ya komo aljihunka. Motar da ka saya tsohuwa, za ta jira ka shekara ashirin da ɗaya?

Mu juya lissafin. Wani kuma kullum yana kan hanya, Maraɗi zuwa Yamai, wajen kilometir 660, ko Damagaram zuwa Yamai, wajen 900, kaya har sama. Da nauyin kaya tazarar shan mai takan ƙaru. Mu ce mai gazuwal lita 14 take sha inda waccan ke shan 20. Lita 14 sau 620, tamma 8.680. Tazara ta zama 1.320 a kilometir 100. In yana yin kilometir 60.000 a shekara, ya tsira da tamma 792.000. Kafin shekara biyu ta cika ya mai da kuɗinsa, abin da ya biyo baya riba ne. Kun gani, mota ɗaya, kuɗi ɗaya, amma amsar mutum biyun nan ta sha bamban. Nisan tafiya da nauyin kaya su ne alƙalai.

Akwai abin da ya daɗe yana ɓata wannan lissafi a garuruwanmu na kudu. Shekaru da yawa gomnatin Najeriya tana biyan tallafi a kan isansi, ba ta biya a kan gazuwal. Man yana tsallako iyaka a jarka, ta Jibiya da Ɗan Isa, ta Magarya, ta Ƙwanni, ƴan ruwa-ruwa suna sayar da shi a kwalabe a bakin hanya, ƙasa da kuɗin gidan mai. Mutane da yawa a Maraɗi da Damagaram saboda wannan araha suka sayi masu isansi. A ranar 29 ga Mayu 2023 shugaban Najeriya Bola Tinubu ya ce tallafi ya ƙare, kuɗin isansi ya yi tsalle a can. Jama'a suka koma gidajen mai na gida. Matatarmu ta SORAZ, wadda aka buɗe a 2011 a arewa da Damagaram, an gina ta don tace ganga 20.000 a rana, kuma a watan Maris na 2025 an ga dogayen layuka a Yamai da sauran garuruwa saboda ƙarancin isansi. Wanda ya gina kasuwancinsa a kan arahar man kwalba ya ji a jikinsa. Mota ta shekara biyar ce ko goma. Kada ka saye ta saboda kuɗin man wannan wata.

Yanzu mu zo ga gyara, don a nan ne okaziyo take nuna halinta.

Ciwon mai isansi yawanci ƙanana ne kuma masu yawa: buji, wayoyin wuta, bobin, karburato a tsofaffi. Kusan kowane makanike na bakin kasuwa yana iya taɓa su, kuɗin kayan kuma bai taka kara ya karya ba. Mai gazuwal ba ta cika ciwo ba, amma ran da ta kwanta, kwanciya ce ta gaske. Pompi ba a gyara shi a ƙarƙashin itace. Sai an ciro shi an kai wa mai na'urar gwaji, kuma irin waɗannan masu sana'a a manyan garuruwa suke. In kana Bilma ko Ingal, ka san tafiyar da ke gabanka. Man juye ma, wato abin da ake sawa ran vidanji, injin gazuwal ya fi ci, filtocinsa sun fi yawa, batirinsa ya fi girma, a manyan motoci ma batir biyu ne, volt 24.

Sa'an nan gazuwal ba ya son ƙazanta. Cikin pompi da injekto akwai ƙarafa da ke gogar juna, tsakaninsu ko gashin kai ba ya shiga, kuma gazuwal ɗin ne da kansa yake zame masu mai. Ruwa kaɗan ya shiga, sai tsatsa. Ƙura kaɗan, sai ta ci ƙarfen. Wanda ke gauraya gazuwal da kananzir don ya ƙara riba, ya rage wa man santsi, pompinka ne zai biya. In yaron mota ya yi kuskure ya zuba isansi a tankin gazuwal, kada a tayar da injin ko sau ɗaya, a zuƙe tankin tukuna. A ƙasa irin tamu, mai ƙura wata shida ko bakwai a shekara, wanda ba zai iya sayen filtir a kan kari ba, ba zai iya tsiyaye ruwan da ke taruwa a ƙarƙashin filtirin gazuwal ba, gara ya bar mai gazuwal ga wani.

Ku saurara da kyau a nan, don wannan ita ce maganar da dillalai ba su cika faɗi ba. Gazuwal iri biyu ne a kasuwa yanzu, kuma sunan kirkin da tsohon ya yi, sabon ne ke cin moriyarsa.

Tsohon iri shi ne mai pompin ƙarfe zalla, babu kwamfuta a jikinsa, kamar 1HZ da muka ambata, ko injin Mercedes mai dogon hanci. Ba shi da gudu, yana da ƙara, yana da hayaƙi, amma yana da haƙuri. Shi ne wanda ake ba da labarin ya yi kilometir dubu ɗari biyar ba a buɗe shi ba.

Sabon iri ya fara bazuwa daga ƙarshen shekarun 1990. Man yana taruwa a bututu ɗaya da matsi mai tsanani, har sau 2.000 na matsin iskar da muke shaƙa, kwamfuta ce ke buɗe injekto ta rufe. Ya fi ƙarfi, ya fi shiru, ya fi tsimin mai. Amma Turawa sun ɗora masa kayan tace hayaƙi saboda dokokinsu. Akwai tukunya a bututun hayaƙi da ke kama baƙin toka. Akwai wani tanki na dabam da ake zuba wa ruwan da ake kira AdBlue, wanda ruwa ne tsarkakakke da sinadarin ure, ɗan uwan takin da muke sawa a gona, amma kada wani ya ce zai jiƙa taki ya zuba. Manyan motocin da aka yi wa rajista a Turai daga 2014, ƙarƙashin dokar da suke kira Euro 6, duk suna da waɗannan kaya. An ƙera su don gazuwal na Turai, wanda tun 2009 kibiritun da ke cikinsa bai wuce kashi goma cikin miliyon ba. Gazuwal da ake sayarwa a ƙasashen Afirka da yawa ya fi haka kibiritu. Tukunyar ta toshe, fitila ta kama a gaban direba, kwamfuta ta rage wa injin ƙarfi, mota cike da albasa ta koma tafiyar jaki tsakanin Dogon Dutsi da Doso. Albasa kuwa ba ta jira. Don haka in za ka sayi irin wannan, tambayi kanka tukuna: a garinmu akwai makanike mai na'urar karanta kwamfutar mota? Kayan gyaranta a Maraɗi ake samu, ko Kano, ko sai an yi oda daga Lome?

Wannan gardama ba mu kaɗai ke yin ta ba. A Amurka, inda manoma da magina ke jan tirela da manyan motoci masu buɗaɗɗen baya, kullum ana kanta. Kamfanin Ford ya yi wani injin gazuwal mai lita 7,3 daga 1994 zuwa 2003, wanda har yau masu neman okaziyo ke yabo. Wanda ya gaje shi, mai lita 6, daga 2003 zuwa 2007, ya yi ƙaurin suna wajen lalacewa. Kamfani ɗaya ne fa, kuma duka gazuwal. Motocin Ram tun 1989 suke ɗauke da injin Cummins mai silinda shida. Amma da kayan tace hayaƙi suka ƙara wa gazuwal tsada da wuyar gyara, sai ga Ford a 2020 ya fito da sabon babban injin isansi mai lita 7,3, saboda masu aikin da ba sa tafiya mai nisa. Su ma can, abin da masu hankalinsu ke tambaya shi ne: wane inji ne, na wace shekara, wa ya riƙe shi?

To, ka yanke shawara, ka je ganin mota. Kada ka je kai kaɗai, kada kuma ka je da makaniken da dillali ya kawo. Tafi da naka, ka biya shi ladansa. Ka ce da sassafe za ku zo, kuma kada a tayar da motar kafin ku iso. Da isarka ɗora hannu a kan injin. In ka ji ɗumi, an riga ka, ka ce sai gobe. Injin gazuwal da ya gaji, da sanyin safiya ake kama shi, don matsinsa ya ragu, ba ya tashi sai an yi ta murza makulli. Wanda ya yi zafi kuwa ko gajiyayye ne bugu ɗaya zai tashi.

In ta tashi, koma baya ka dubi hayaƙi. Baƙi yana nufin man ya fi iska yawa: wataƙila filtirin iska ne ya toshe, abu mai sauƙi, wataƙila kuma injekto ne ko pompi. Shuɗi yana nufin injin yana ƙona man juye, segema sun ci, ko turbo yana yoyo. Fari kaɗan da sanyin safiya ba laifi, in ya ɗauke bayan minti biyu ko uku. Farin da ya ƙi ɗaukewa, ko dai gazuwal ne ba ya ƙonewa, ko ruwan radiyato ne ke shiga inda bai kamata ba. Tun injin bai yi zafi ba, buɗe murfin radiyato ka duba. In ruwan yana ta kumfa kamar tukunyar da za ta tafasa, juwan kulas ya ƙone, ko kulas ɗin kansa ya tsage. Amma kada ka kuskura ka buɗe murfin nan in injin ya yi zafi, ruwan zai watso maka a fuska.

Sa'an nan buɗe murfin da ake zuba man juye, injin yana aiki, ka ɗora murfin a bakin ramin ba tare da ka murɗa ba. In yana ɗan rawa kawai, lafiya. In iska da hayaƙi suna tunkuɗe shi, injin ya kusa neman a sauke shi. Zaro sandar awon mai. A injin gazuwal baƙin mai ba aibu ba ne, haka yake yi kwana kaɗan bayan vidanji. Abin tsoro shi ne ka gan shi ya yi kamar koko da madara, ruwa ya gauraya da shi ke nan. A mai isansi kuwa, sa makanike ya kwance buji biyu ko uku. Mai lafiya bakinsa ruwan ƙasa-ƙasa ne, busasshe. Wanda ya jiƙe da mai, ko ya yi baƙi ƙirin, yana ba ka labarin abin da ke ciki.

Lambar kilometir da ke gaban direba, kada ka ba ta amana. Ana mai da ita baya. Dubi robar birki da ta ambireyaji, dubi kujerar direba, dubi inda hannu ke kama sitiyari. Su ba a koya masu ƙarya ba. Ka kuma shiga ƙarƙashin motar da tocila. Wadda ta fito Turai, gishirin da suke watsa wa hanya lokacin ƙanƙara yakan ci ƙarfenta daga ƙasa, a shafe da baƙin fenti. Wadda ta yi aiki a nan gida, lodin wuce kima ne ke tsaga shasi, a yi walda a rufe. Inji ana sauya shi. Shasin da ya karye kuwa, duk gyaran da aka yi masa, rauninsa yana nan. In da hali, a ɗora mata kaya ku hau tudu da ita. Mota fanko kowace lafiyayya ce.

Ga wata magana da ta shafi rai. Isansi yana fitar da tururi mai kama wuta ko da a cikin sanyin hunturu. Gazuwal sai ya yi zafi fiye da digiri 55 kafin tururinsa ya kama. Masu ratsa daji zuwa Agadas ko Dirku da jarkoki da ganguna a bayan mota, fasinja a zaune a kai, wani yana kunna taba, su yi tunanin wannan. Ba mu manta da daren nan na watan Mayu 2019 ba, da tankar isansi ta faɗi kusa da filin jirgin sama na Yamai, mutane suka taru kwasar mai, wuta ta tashi, fiye da mutum 50 suka rasu. Allah ya jiƙansu. Gazuwal ma yana da nasa sharri: a 2012 hukumar binciken ciwon daji ta Ƙungiyar Lafiya ta Duniya ta sa hayaƙinsa cikin abubuwan da ke kawo ciwon dajin huhu. Kowace iri ce, kada a bar ta tana aiki cikin rufaffen garaji, kada kuma yaron mota ya kwanta ƙarƙashinta don jin ɗumi injin yana kunne.

In kun tambaye ni ra'ayina, ga shi. Mai doguwar hanya, mai kaya masu nauyi, mai shiga rairayi, ya nemi gazuwal, kuma in ya samu tsohon iri mai lafiya, wanda makanikan garinsa suka sani ciki da waje, ya fi masa sabon iri mai kwamfuta da ba mai iya taɓawa. Mai aikin cikin gari da ƙauyukan kewaye, mai motar da ke aiki da kaka ta huta da rani, wanda kuɗinsa iyakar na sayen motar ne, ya ɗauki mai isansi, kada kunyar ƴan tasha ta sa shi cin bashi. In kuwa aka ajiye maka gajiyayyar mai gazuwal da lafiyayyar mai isansi a kuɗi ɗaya, ɗauki lafiyayyar. Kowacce ka saya, kada ka zuba duk abin da ke hannunka. Ka rage na taya, da batir, da vidanjin farko, da sauya duk filtoci tun ran da ta shigo gida, don ba ka san yaushe mai ita na da ya yi ba.

Saura takardu. A kan katagirizi an rubuta irin man da motar ke sha. Masu mota da yawa sukan cire injin isansi su dasa na gazuwal, ko su yi akasin haka. In takarda ta ce isansi, kai kuwa ka buɗe ka ga pompi da injekto, ka sani akwai magana a gaba, wurin jandarma a kan hanya, da wurin masu asiransi ran da hatsari ya faru. Dashen kansa ma abin dubawa ne, don bwat da aka yi wa injin isansi ba kullum take jure jan gazuwal ba. Ka gwada lambar shasi da ke jikin ƙarfe da wadda ke kan takarda, harafi da harafi. Ka ga takardar duwan da idonka. In karatunka bai yi ƙarfi ba tukuna, tafi da wanda ka yarda da shi ya karanta maka, a rubuta takardar ciniki da shaidu, kowa ya sa hannu, sa'an nan kuɗi su fita daga aljihu.

Jama'a, a nan za mu dakata. Allah ya kiyaye hanya. Assalamu alaikum.